Jarin Baƙi a Idon Masu Gida: Darussan da Na Koya a Aikin Jin Ra'ayin Jama'a

Kafin a fara haƙar ma'adinai, ko gina madatsar ruwa, ko kafa katafariyar gona da kuɗin da suka tsallako daga wata ƙasa, bankunan da ke ba da rance sukan gindaya sharaɗin a je a ji ta bakin mutanen da aikin zai shafa. Aikin da na daɗe ina yi ke nan: zama da manoma da makiyaya da masunta da ƙananan 'yan kasuwa da leburori, in saurara, in rubuta, in miƙa rahoto. Daga baya na koma karatu, don ina so in auna abin da kunnena ya jiyo da abin da ya faru a sauran ƙasashe masu tasowa, tun daga Kudancin Amurka har kudancin Asiya. Harsuna daban, addinai daban, ƙasashen da masu jarin suka fito daban, amma tambayoyin da masu gida ke yi wa baƙon da ya zo da kuɗi kusan iri ɗaya ne ko'ina.

Idan ka tsayar da mutum ka tambaye shi ko yana son baƙi su zuba jari a ƙasarsa, da wuya ya ce a'a. Alƙaluma ma haka suka nuna. Cibiyar Afrobarometer ta tambayi jama'a a ƙasashen Afirka 36 tsakanin 2014 da 2015, kashi 63 cikin 100 suka ce tasirin ƙasar Sin a ƙasashensu alheri ne. Da aka sake zagayen a ƙasashe 34 tsakanin 2019 da 2021, Sin ta sake samun kashi 63, Amurka kashi 60. Amma mutumin nan da ya ce maka yana maraba, shi ne za ka iya gani nan gaba ya gitta icce a kan hanyar da motocin kamfani ke bi. Jami'an gwamnati su ce zuga shi aka yi, wakilan kamfani su ce bai gane amfanin aikin ba. Ni kam na zauna da irin mutanen nan, ban kuma ga inda maganarsu ta saɓa wa aikinsu ba. Tambayar da ke kan takarda tana zancen jari ne a dunƙule. Abin da ya fito da mutum kan hanya kuwa yarjejeniya ce takamaimai, wadda ta taɓa gonarsa ko rafinsa ko makomar ɗansa, aka kuma ƙulla ta ba da saninsa ba.

Wani bincike da cibiyar Pew ta yi a ƙasashe 44 a 2014 ya nuna min inda mutane ke sa iyaka. Kusan kashi uku cikin huɗu sun ce abu ne mai kyau kamfanin waje ya zo ya gina sabuwar masana'anta, amma waɗanda suka yarda ya sayi kamfanin gida ba su kai rabi ba. Wato jama'a suna bambance wanda ya kawo abin da babu da wanda ya karɓe abin da ya tarar. Duk inda na ga rikici ya yi tsamari, in na bi diddigi, sai in iske abin da aka taɓa fili ne ko ruwa.

A ƙarshen 2008 labari ya fasu cewa gwamnatin Madagaska na shirin ba kamfanin Daewoo Logistics na Koriya ta Kudu hayar fili hekta miliyan 1.3 har tsawon shekara 99, don noman masara da kwakwar manja. Daga jaridun ƙetare zancen ya fara fitowa, ba daga bakin gwamnati ba. A tsibirin da mutane ke ɗaukar filin kakanni da matuƙar daraja, wannan ya ƙara rura wutar boren da ya kawar da Shugaba Marc Ravalomanana a watan Maris na 2009, kuma Andry Rajoelina da ya karɓi mulki bai ɓata lokaci ba ya soke cinikin.

Hujjar da ake kafawa a irin wannan ciniki ita ce wai fili ne da ba kowa a kai. Cikin duk maganganun da na ji a ofisoshi, ban ga wadda ta cuci mutane kamar wannan ba. A taswira, ko a hoton tauraron ɗan'adam da aka ɗauka da rani, wuri yakan fito fayau. Sai ka taka da ƙafarka ka tarar saura ce da aka bari ta huta, ko burtali ne da dabbobi ke bi lokaci-lokaci, ko dajin da mata ke samun itace da magani da 'ya'yan itatuwan da suke sayarwa, ko maƙabarta. Ranar biyan diyya kuwa abin da ke ƙirguwa ake biya: bishiya nawa, ɗaki nawa, shuka nawa. Mai takardar mallaka ya samu, mai aron gona ya tashi a tutar babu. Magidanci ya karɓa da sunan gida, matar da ita ce ke noma wurin ko sunanta ba a rubuta ba. Makiyayin da ba ya nan lokacin ƙidaya ya dawo ya tarar waya ta kewaye mashaya. Diyyar nan kuma kuɗi ne na lokaci guda, a madadin abin da ke ciyar da gida kowace shekara. Kuɗin su ƙare, gonar ba ta dawowa. Kamfani yana riƙe da rasit ɗin da ke nuna ya biya, kuma gaskiya ya faɗa. Mutane suna cewa ƙwace aka yi musu, su ma gaskiya suka faɗa. Wanda bai iya riƙe waɗannan gaskiya biyu a kansa lokaci guda ba, ba zai iya sasanta komai ba.

Zancen ruwa ya fi na fili saurin kamawa, don ba ya tsayawa a ƙauye. A 1999, bayan matsin lambar Bankin Duniya, gwamnatin Bolibiya ta miƙa ruwan birnin Kocabamba ga kamfanin Aguas del Tunari, wanda Bechtel na Amurka ke da hannu a ciki, na shekara 40. Kuɗin ruwa ya yi tashin gwauron zabo, sannan sabuwar doka ta sa mutane suka ji tsoron har rijiyoyin da unguwanni suka haƙa da guminsu za su koma ƙarƙashin kamfanin. Kafin watan Afrilu na 2000 ya ƙare an rufe birnin da zanga-zanga, an rasa rai, an soke kwangilar. Kamfanin ya kai ƙara yana neman diyya, ya janye a 2006. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ko bayan an kori kamfanin, unguwannin talakawa da yawa sun shafe shekaru ba famfo. Mutanen suna sane da cewa hukumar ruwansu ba ta da kirki. Duk da haka sun gwammace wadda za su iya zuwa ƙofarta su yi mata tsawa.

Sunan Daewoo ya sake fito min a karatu ta wata fuskar da ta sha bamban. A 1979 wani sabon kamfanin ɗinki na Bangaladash mai suna Desh ya ƙulla yarjejeniya da Daewoo, aka ɗebi ma'aikata 130 aka kai su Koriya ta Kudu koyon aiki: yanka, ɗinki, duba inganci, jigila, da yadda ake magana da masu saye a ƙetare. Haɗin gwiwar bai daɗe ba ya rabu. Amma cikin shekarun da suka biyo baya, 115 daga cikin mutanen nan 130 sun bar Desh sun kafa nasu kamfanonin ko sun jagoranci na wasu. Yau tufafi sun haura kashi 80 cikin 100 na abin da Bangaladash ke fitarwa waje, suna ɗauke da ma'aikata kusan miliyan 4, kuma akasarin masana'antun na 'yan ƙasar ne. Hanyar ba ta kasance mai tsabta ba. Rushewar ginin Rana Plaza a 2013 ta kashe mutum sama da 1,100 da ke ɗinka wa manyan kantunan Turai da Amurka kaya. Sai dai kowa ya ga bambancin cinikin nan biyu. A Madagaska an nemi fili, kuma da an yi shekara 99 ɗin, ba abin da manomi zai koya sai leburanci a gonar da a da tasa ce. A Bangaladash ilimi aka bari a kawunan mutane, wanda ba ya shiga jirgi ya koma gida ranar da kwangila ta ƙare. Mutanen karkara ba sa buƙatar masanin tattalin arziki ya fayyace musu wannan. Tambayar da na fi ji daga bakin dattawa ita ce, in baƙin sun tafi, me zai rage.

Alƙawarin aikin yi shi ne abin da ake buɗe kowane taro da shi, shi ne kuma ya fi haifar da ɓacin rai. Akan ambaci dubban guraben aiki, ba a bayyana cewa yawancinsu na lokacin gini ne. Mahaƙar zamani injina ke gudanar da ita. Da zarar an gama shimfiɗa hanya da kafa injin, sai a sallami masu ɗaukar kaya, a bar 'yan ɗaruruwa masu takardun da ɗan ƙauyen ba shi da su. Rahoton kamfani zai ce kashi kaza na ma'aikatansa 'yan ƙasa ne, kuma haka ne. Amma a wurin wanda aka tayar daga gonarsa, injiniyan da aka kawo daga babban birni, mai wani yare daban, baƙo ne kamar wanda ya sauka daga jirgi. Ko inda aikin ya samu ma, albashi kan zama wani labarin. Habasha ta gina rukunin masana'antu na Hawasa ta jawo kamfanonin ɗinki daga ƙetare, sai wani bincike na Jami'ar New York a 2019 ya gano tushen albashin masu ɗinkin dala 26 ne a wata. Ma'aikata suka riƙa shiga suna fita, don kuɗin ba sa riƙe mutum a garin da ba nasa ba.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafi, wato mutunci. Zambiya ce ta fi nuna min haka. Tsakanin 1970 da 1975 Sin ta gina layin dogo na TAZARA mai tsawon kilomita 1,860 daga Darussalam ta Tanzaniya zuwa Kapiri Mposhi ta Zambiya, bayan ƙasashen Yamma sun ƙi sa kuɗinsu, a lokacin da gwamnatin tsirarun fararen fata ta Rodeshiya (Zimbabuwe ta yanzu) ke riƙe da hanyar da tagullar Zambiya ke bi zuwa teku. Wannan ya sai wa Sin ƙauna ta shekaru. A watan Afrilu na 2005 masana'antar nakiya ta wani kamfanin Sin ta fashe a Cambishi, ma'aikata 'yan Zambiya sama da 40 suka mutu. A 2010 shugabannin aiki 'yan Sin a mahaƙar kwal ta Collum suka buɗe wa ma'aikatan da ke ƙorafi wuta, suka raunata aƙalla 11, daga baya aka janye tuhumar. Ɗan adawa Michael Sata ya yi yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa na 2006 da kakkausar suka ga masu jarin Sin, ya sha kaye amma ya lashe yankin ma'adinai, ya kuma ci zaɓe a 2011. Da ya hau mulki bai kori kowa ba. Ya sassauta murya, jarin ya ci gaba da shigowa, kuma masu zaɓensa ba su yi masa bore a kan haka ba. Abin da suke nema tun farko shi ne hular kwano da takalmin aiki, albashin da ya dace, da kada a ɗauki ransu da arha. Na sha ganin yadda ƙaramin abu, kamar raba wurin cin abinci tsakanin baƙi da 'yan gida, ko shugaban aikin da ya shekara bai koyi gaisuwar mutane ba, ke cinye duk farin jinin da asibiti da makarantar da kamfani ya gina suka jawo.

Wani darasin da ya ɗauke ni lokaci kafin ya zauna min shi ne, fushin da ake cewa na ƙin baƙi ne, galibi gwamnatin gida ake yi wa. Baƙon dai shi ne a kusa, shi ke da shinge da motocin da za a tare. In taro ya yi nisa, mutane suka saki jiki, sai ka ji sun daina ambaton kamfani sun koma tambayar wa ya sa hannu, nawa aka ba shi, me ya sa ba za a nuna musu takardar ba. Sun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kenya ta buɗe sabon layin dogo daga Mombasa zuwa Nairobi a 2017 da rancen bankin Exim na Sin. Fasinjoji sun karɓe shi hannu bibbiyu. Abin da ya harzuƙa mutane shi ne an ɓoye takardun rancen shekara da shekaru, sannan aka tilasta wa masu shigo da kaya amfani da jirgin don a samu na biyan bashi, lamarin da ya karya direbobin manyan motoci da masu rumbunan ajiya a Mombasa. William Ruto ya janye wannan umarni bayan ya hau mulki a 2022, a shekarar ce kuma aka fara fitar da wasu takardun. A Fanama, majalisa ta amince cikin gaggawa a watan Oktoba na 2023 da sabuwar kwangilar shekara 20 ga kamfanin First Quantum na Kanada, mai mahaƙar tagullar da ke samar da kusan kashi 5 cikin 100 na tattalin arzikin ƙasar. Malamai da 'yan ƙwadago da matasa suka rufe tituna makonni, Kotun Ƙoli ta soke dokar a ranar 28 ga Nuwamba, aka rufe mahaƙar. Duk wanda ya saurari masu zanga-zangar ya ji cewa 'yan siyasarsu suke tuhuma kafin kowa.

A matakin ƙauye ma haka abin yake, a ƙaramin sikeli. Kamfani yakan nemi mutum ɗaya da zai yi magana da yawun kowa, basarake ko kansila ko wani ɗan gari mai jin Turanci, don ya fi sauƙi. Ya sa hannu, a ɗauki hoto, a rubuta cewa al'umma ta amince. Daga ranar nan duk wata kwangilar kawo yashi da jerin sunayen masu neman aiki ta hannunsa suke bi. Kafin a ankara, mutumin da jama'a ke girmamawa ya zama abin zargi, garin ya rabu biyu, kuma rabuwar nan takan daɗe fiye da aikin kansa. Wannan ɓarna ce da ban taɓa ganin an sa ta a lissafin diyya ba.

Mai jari yakan sauka yana ganin ranar zuwansa ce ranar farko. Masu gida kuwa da tarihi suke kallonsa. A Iran, Firaminista Mohammad Mosaddegh ya mayar da kamfanin mai na Birtaniya hannun ƙasa a 1951, aka kifar da shi a 1953 da hannun Birtaniya da Amurka. A Gwatamala an hamɓarar da Shugaba Jacobo Árbenz a 1954 bayan ya taɓa filayen kamfanin United Fruit na Amurka. A Meziko har yau ana tunawa da ranar 18 ga Maris ta 1938, da Shugaba Lázaro Cárdenas ya karɓe rijiyoyin mai daga kamfanonin waje, talakawa suka yi layi suna ba da zobba da kaji don a biya diyya. A ƙasar Ogoni ta Nijeriya Shell ya daina haƙo mai tun 1993, amma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce tsabtace yankin na iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Yaron da ya tashi da irin wannan labari ba zai karanta kwangila da idon lauyan kamfani ba. Ko lambar 99 kaɗai ta isa ta tayar da hankali, don ta yi kama da hayar zamanin mulkin mallaka. An gan ta a Madagaska, an gan ta a Siri Lanka da aka ba wani kamfanin Sin hayar tashar jiragen ruwa ta Hambantota a 2017, an kuma gan ta a Biyetnam a 2018, inda ƙudurin dokar da zai ba masu jari hayar shekara 99 ya fito da mutane kan titi har aka jingine shi.

Ba na so a ɗauka duk wanda ya ɗaga kwali yana kan gaskiya. 'Yan siyasa sun iya hawa kan fushin jama'a su kai inda suke so. Ɗan kasuwar da ke tsoron gogayya yakan lulluɓe buƙatarsa da kishin ƙasa. Fushi kuma in ya ɓalle ba ya tantancewa: a tarzomar Biyetnam ta watan Mayu na 2014, wadda rikicin teku da Sin ya haddasa, masana'antun 'yan Taiwan ne suka fi shan ƙuna, har da na 'yan Koriya, dubban 'yan Biyetnam suka wayi gari ba wurin aiki. Ƙin jari ma yana da farashinsa, kuma talaka ne ke biya. Dubban ma'aikatan mahaƙar Fanama da suka rasa abin yi su ma 'yan ƙasa ne. Abin da ake kira al'umma ba murya ɗaya ba ce. Saurayin da ba shi da gona yana son aikin ya zo gobe. Dattijon da ke da gona yana son ya tafi jiya. Mai shago na hangen ciniki, masunci na hangen ruwan da zai gurɓace. Mata sukan yi shiru a taron gari, su faɗi abin da ya fi na kowa muhimmanci in an zauna da su su kaɗai. Mai ɗaga murya ba lallai ne yana da rinjaye ba, wanda ya yi shiru kuma ba lallai ne ya yarda ba.

Inda na ga jama'a sun zauna lafiya da jarin baƙi na dogon lokaci, akwai gwamnatin da ta yi ciniki da idonta buɗe, ta kuma bari aka ga inda kuɗin suka tafi. Botsuwana ta samu 'yanci a 1966 tana cikin ƙasashe mafiya talauci, aka gano lu'ulu'u a Orapa a 1967. Shugaba Seretse Khama ya shawo kan sarakuna aka mayar da haƙƙin ma'adinai na ƙasa baki ɗaya, duk da cewa a yankin ƙabilarsa arzikin ya ɓullo. Zuwa 1975 gwamnati ta kai rabi da rabi da De Beers, katafaren kamfanin lu'ulu'u na waje, a kamfanin haƙar, kuɗin suka shiga tituna da makarantu da asibitoci. Ba su tsaya nan ba. Duk lokacin sabunta yarjejeniya sai sun ƙara matsawa, har De Beers ya ɗauke cibiyar sayar da duwatsunsa daga Landan zuwa Gaboron, babban birnin ƙasar, a 2013. Ƙasar na fama da rashin aikin yi da dogaro da abu ɗaya, 'yan ƙasar kuma suna sukar kamfanin son ransu. Amma sukar tasu irin ta abokin ciniki ce da ke neman ƙarin kaso.

Lokacin da ake tambayar mutane shi ma yana yanke hukunci. Yawancin tarukan da aka tura ni, an riga an sa hannu, an karɓi rance, an yi odar injina. Mutane kuma suna ganewa tun daga yadda aka jera kujeru. A jihar Odisha ta Indiya, kamfanin Vedanta ya gina matatar ma'adinin alminiyom a gindin tsaunin Niyamgiri kafin a tabbatar da izinin haƙa a kan tsaunin, wanda al'ummar Dongriya Kond ke ɗauka wuri mai tsarki. A watan Afrilu na 2013 Kotun Ƙolin Indiya ta ce a tambayi majalisun ƙauyukan. Ƙauyuka 12 aka tambaya, duk suka ce a'a, matatar ta koma neman ɗanyen kaya daga nesa. Da tun farko aka yi wannan tambaya, da an huta da asarar shekaru. Wani bincike da Rachel Davis da Daniel Franks suka fitar a 2014 ya ƙiyasta cewa babbar mahaƙa na iya asarar kusan dala miliyan 20 a duk makon da rikici da jama'a ya tsayar da aiki. Ko don aljihunsa kawai, mai jari ya kamata ya so a tambayi mutane tun ana iya sauya hanya ko matsar da shinge.

Wurin da maganar jama'a ta fi ɓacewa shi ne tsakanin fili da teburin mai yanke hukunci. Na ga yadda zaman sauraro mai tsawo, da kuka da rantsuwa da tambayoyi masu kaifi, ke komawa jimla ɗaya a rahoton ƙarshe, cewa al'umma ta nuna goyon baya tare da 'yan ƙorafe-ƙorafe. Ba lallai da mugun nufi ake yi ba. Kowane mataki yana taƙaitawa ne don na sama da shi ya samu sauƙin karantawa, kuma abin da ba shi da lamba shi ke fara faɗuwa. Shi ya sa yanzu nake rubuta maganar mutane yadda suka faɗe ta, in nuna wane rukuni ne ya faɗa, in ware abin da kuɗi ke iya gyarawa da abin da suka ce ba na sayarwa ba ne. Kafin in miƙa, nakan koma in karanta musu da harshensu su gyara min. Wasu masu ba da aikin ba sa son haka, suna cewa yana jawo jinkiri, yana kuma sa mutane tsammanin abin da ba za a yi musu ba. Jinkirin gaskiya ne, nakan kuma sa shi cikin jadawali tun ranar da ake tsara aikin. Batun tsammani kuwa, nakan gaya wa mutanen ƙarara abin da rahoton zai iya sauyawa da abin da an riga an yanke, in bar musu kwafi a hannu, don ranar da alƙawari ya fara sauya kama su samu takardar da za su ɗaga.